Jamusancin Jarrabawa da Jamusancin Ɗakin Lacca: Tarke a kan Kwas na Gaggawa

Gabatarwa

Daga cikin harsunan Turai da baƙi ke koyo domin neman ilmi mai zurfi, da wuya a sami wanda ake koya a guje kamar Jamusanci. Makarantun harshe, na cikin Jamus da na wajenta, sukan yi alkawarin ɗauko mutumin da bai iya ko gaisuwa ba su kai shi ƙofar jami'a cikin wata takwas, ko goma, ko shekara guda in abin ya yi tsawo. Wannan tsari shi ne Jamusawa ke kira *Intensivkurs*, watau kwas na gaggawa, inda ɗalibi kan zauna a aji awa uku ko huɗu kullum, kwana biyar a mako, ba ya da wani aiki sai harshen.

Gudun da ake yi yana da dalili. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba su karɓar kuɗin koyarwa, ko da yake jihar Baden-Württemberg ta ɗora wa ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba Yuro 1,500 a kowane zango tun 2017. Amma zama kansa akwai tsada. A 2024 aka ɗaga kuɗin da baƙon ɗalibi zai nuna yana da su kafin a ba shi biza zuwa Yuro 11,904 na shekara guda, watau 992 a wata. Izinin zaman da ake bayarwa don share fagen karatu kuwa, a bisa ƙa'ida, ba ya wuce shekara biyu. Ashe ke nan kowane watan da ɗalibi ya ƙara a ajin harshe, dukiyar iyayensa ce ko ta mai ɗaukar nauyinsa ke zurarewa. Wanda ya ce da irin wannan ɗalibi sannu ba ta hana zuwa bai duba asusunsa ba.

Abin da wannan maƙala za ta nuna shi ne kwas na gaggawa yana cika rabin alkawarinsa ne kurum. Yana iya kai mutum ga takardar shaida cikin lokacin da ya yanka, amma Jamusancin da takardar ke shaidawa da Jamusancin da jami'a ke gudana da shi ba ɗaya ba ne, kuma tsarin da littattafansa ba su cika faɗa wa ɗalibi haka ba.

Asalin tsarin da lissafinsa

Koyar da harshe a cunkushe ɗan yaƙi ne. A 1943 rundunar sojan Amurka ta buɗe wani shiri na musamman a jami'o'in ƙasar don koya wa dakaru harsunan abokan gāba da na ƙawaye, har da Jamusanci, cikin kimanin wata tara. Masana ilmin harshe irin su Leonard Bloomfield ne suka shimfiɗa masa hanya: a tara mutum goma ko ƙasa da haka gaban ɗan asalin harshe, ya faɗa su maimaita, su haddace, masani kuma ya riƙa shigowa yana warware nahawu. Shirin bai daɗe ba, don a 1944 aka kwashe yawancin dakarun zuwa fagen fama, amma ya bar wa duniya imanin cewa in aka tara sa'o'i wuri guda za a iya dafa harshe kamar yadda ake dafa abinci da babbar wuta. Abin lura a nan shi ne manufar da aka ƙera makamin dominta. Ana son soja ya tambayi hanya, ya yi wa fursuna tambayoyi, ya ba da umurni. Ba wanda ya nufi ya rubuta sharhi a kan Kant.

Cibiyar Goethe, wadda aka kafa a 1951, ta fara kwasa-kwasanta a 1953 a Bad Reichenhall, wani ƙaramin gari a Bavariya, inda baƙo ba shi da mafaka daga harshen dare da rana. Littafin Schulz da Griesbach na 1955, wanda ya daɗe yana mulkin azuzuwanta, ya ɗora nauyi a kan nahawu. Daga ƙarshen shekarun 1970 iska ta juya: *Deutsch aktiv* (1979) da *Themen* (1983) suka maida hankali ga magana a tashar jirgi, da gaban likita, da wajen neman ɗakin haya, kuma jikokinsu ne ke hannun ɗalibai har yau. Littattafai ne masu kyau ga abin da aka yi su dominsa. Sai dai ɗalibin da ya nufi jami'a yakan shafe rabin lokacinsa, ko fiye, a cikinsu, yana koyon yadda ake maida rigar da ba ta yi masa daidai ba kanti.

Wajibi ne a yi wa tsarin adalci. Binciken da Patsy Lightbown da Nina Spada suka yi a lardin Kwibek na Kanada ya nuna yaran da aka koya wa Ingilishi a dunƙule cikin wata biyar sun fi waɗanda ake ɗiga musu shi kaɗan-kaɗan shekara da shekaru sakin baki. Mai darasi biyu a mako yakan ɓatar da rabin kowane darasi wajen tuno na baya. Don haka tara sa'o'i ba laifi ba ne, musamman a matakan farko. Inda gizo ke saƙar shi ne lissafin da ake yi da sa'o'in.

A 2001 Majalisar Turai mai mazauni a Strasbourg ta wallafa ma'aunin bai-ɗaya na ƙwarewar harshe, mai matakai shida: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Ƙiyasin Cibiyar Goethe shi ne ana bukatar darussa 350 zuwa 650, kowanne na minti 45, kafin a kai B1, da 600 zuwa 800 kafin B2, da 800 zuwa 1,000 kafin C1, wanda kusan shi ne matakin da jami'o'i ke nema. Mai tallar kwas sai ya raba 800 da darasi ashirin na mako, ya sami mako arba'in, ya rubuta "wata goma" a allonsa. Lissafin daidai yake a takarda. Amma ya ɗauki ƙaramin adadi ya bar babba, ya kuma ɗauka matakan shida tsani ne mai tazara ɗaya, har makarantu da yawa na yanka wa kowane mataki mako takwas, tun daga A1 har C1. Alhali kuwa ma'aunin bayanin abin da mutum ke iya yi ne, bai taɓa zama jadawalin lokaci ba, kuma tazarar da ke tsakanin B2 da C1 ta fi wadda ke tsakanin A1 da A2 faɗi. Cibiyar horas da jami'an jakadancin Amurka takan ware wa Jamusanci kimanin mako 36, ga mutanen da aka tace aka zaɓa, waɗanda harshensu na gado ɗan'uwan Jamusanci ne na jini, a aji na mutum kaɗan, ana kuma biyansu albashi don su koya. Yaron da ya taso daga Garwa ko Damagaram ko Zariya, yana aji na mutum goma sha biyar, yana kuma tunanin kuɗin haya, ana sa ran ya yi tafiya irin wannan cikin kwanaki kusan ɗaya.

Akwai kuma batun mantuwa, wanda Bajamushe ne ma ya fara auna shi. A littafinsa na 1885 a kan ƙwaƙwalwa, Hermann Ebbinghaus ya gwada kansa da gaɓoɓi marasa ma'ana, ya tarar abin da ya ci masa maimaici 68 a zama ɗaya, maimaici 38 ya ishe shi in ya raba su kwana uku. Kwas na gaggawa yana iya tara darussa, amma ba ya iya tara dararen da ke tsakaninsu. Ɗalibin da aka ba ƙarshen sifofi ranar Litinin, aka bi shi da jimlar da ba a ambaci mai aiki ba ranar Laraba, aka rufe da gwaji ranar Juma'a, zai ci gwajin. Ko ƙarshen sifofin na nan bayan wata huɗu, wannan wata magana ce. Haka nan kalmomi. Jerin kalmomin jarrabawar B1 ta Cibiyar Goethe bai wuce kimanin 2,400 ba. Paul Nation, a nazarinsa na Ingilishi, ya ƙiyasta mai karatu na bukatar sanin kashi 98 cikin ɗari na kalmomin shafi kafin ya karanta shi ba tallafi, abin da ke nufin tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ko da adadin Jamusanci ya ɗan bambanta, girman ramin a fili yake. Wanda ya san kashi 95 zai ci karo da baƙuwar kalma sau goma sha biyar a shafi mai kalma 300, ga shi kuma an ba shi shafi arba'in ya karanta kafin mako mai zuwa.

Ƙofa da abin da ke bayanta

Manyan jarrabawoyin shiga biyu ne. DSH kowace jami'a ce ke shirya tata bisa ƙa'ida ɗaya, kuma tana da daraja uku: kashi 57 na ba da DSH-1, kashi 67 DSH-2, kashi 82 DSH-3, ta tsakiyar ce galibin fannoni ke nema. TestDaF kuwa, wadda aka fara a 2001, ana yin ta a ƙasashe da yawa, ana kuma auna karatu da saurare da rubutu da magana daban-daban, inda daraja ta 4 a dukkan huɗun ke buɗe ƙofa. Masana ne suka tsara su, an kuma yi ƙoƙarin ɗauko batutuwansu daga rayuwar jami'a. Amma jarrabawa kowace iri ce tana da siffa tsayayya, abin da ke da siffa tsayayya kuwa ana iya horar da mutum a kansa. Watannin ƙarshe na kwas sukan koma horon jarrabawa zalla: ana haddace jimlolin buɗe bayanin zanen ƙididdiga, da na jera hujjar goyon baya da ta suka, da na rufewa da ra'ayi. Ɗalibi ya shiga da ƙwarangwal a ka, ya lulluɓa masa kalma ɗari biyu da hamsin, ya fito da takarda. Bai yi maguɗi ba. Abin da aka nema ya bayar.

A jarrabawar DSH, ɗan jawabin da ake aunawa da shi gajere ne, an tsara shi, kuma akan karanta shi sau biyu. Lacca a jami'a minti casa'in ce, sau ɗaya, daga bakin shehun malamin da ke yi wa 'yan ƙasarsa magana, yana katse jimla ya shiga wata, yana barkwanci, wani lokaci da karin harshen Bavariya ko na Saksoni a bakinsa. A nan ne ginin jimlar Jamusanci ke nuna haƙoransa. A dubi wannan:

*Die Zahl der Kranken nahm in den folgenden zehn Jahren trotz aller Maßnahmen zu.*

Ma'anarta: yawan marasa lafiya ya ƙaru cikin shekara goma da suka biyo baya, duk da matakan da aka ɗauka. Aikatau ɗin *zunehmen* ne, amma an tsaga shi biyu, *nahm* a wuri na biyu, *zu* a can ƙarshe. In aka cire *zu* aka sa *ab*, sai yawan ya ragu. Gaɓa ɗaya tak, wadda ke zuwa lokacin da muryar mai magana ta riga ta sauka, ita ke riƙe da ma'anar jimlar duka. Hausa ma tana da irin wannan baka biyu a korewa, kamar *bai zo ba*, sai dai ita tun a farko take sanar da mai saurare inda aka dosa. Ɗalibin kwas ya san wannan ƙa'ida tun a A1, da jimloli irin na tashi daga barci da ƙarfe bakwai. Sanin ƙa'ida daban, riƙe kalma goma a ka ana jiran ta sha ɗaya, hannu kuma na rubutu, daban. Wannan ƙwarewar kunne ce da ba ta samuwa sai da ɗaruruwan sa'o'in saurare.

A rubuce kuma akwai abin da ya fi wannan. Jamusancin ilmi na son cusa jimla sukutum tsakanin harafin jinsi da sunansa: *die im vorigen Kapitel bereits ausführlich dargestellte Methode*, watau hanyar da aka riga aka bayyana dalla-dalla a babin da ya gabata. Bahaushe zai fara da "hanyar", sannan ya jero bayaninta. Bajamushe ya ce *die*, ya ajiye mai karatu ya jira kalma shida kafin ya san me ake nufi. Littattafan kwas sukan ware wa wannan gini babi guda a matakin C1, su koyar da shi ta hanyar juya jimla daga wannan siffa zuwa waccan, don haka yake fitowa a jarrabawa. A littafin shari'a ko na injiniya kuwa, sau uku ana iya samunsa a sakin layi ɗaya.

Amma matsalar da ta fi ɓuya ita ce wadda Konrad Ehlich ya raɗa wa suna a shekarun 1990, *alltägliche Wissenschaftssprache*, watau harshen ilmi na yau da kullum. Mutane kan zaci kalmomin fanni ne ke ka da baƙo. A gaskiya su ne masu sauƙi, domin malami na fassara su, suna cikin ƙamus, da yawansu kuma daga Latin da Girkanci suke, ɗalibi ya san su ta Ingilishi ko Faransanci. Masu ka da shi su ne ƙananan kalmomin da kowane fanni ke aiki da su ba wanda ke bayyana su. Ɗalibi ya san *gehen*, tafiya, tun makon farko. Sai ya tarar *von etwas ausgehen* na nufin ɗaukar abu a matsayin tushen hujja, *auf etwas eingehen* kuma na nufin tsayawa a yi bayaninsa. Ya san *führen*, jagora. *Auf etwas zurückführen* kuwa danganta abu ne ga sanadinsa. Ya san *ziehen*, ja. *Heranziehen* kafa hujja ne da wani abu. Kalmomin sun yi kama da sanannu, don haka ba ya ma tsayawa ya duba su, sai ya wuce da ma'anar da ba ita ba. Daɗin daɗawa, da irin waɗannan kalmomi marubuci ke nuna matsayinsa game da maganar wani. Wanda ya rubuta cewa wani masani *behauptet* abu, ya nuna da'awa ce da ba a tabbatar ba. In ya ce *weist nach*, ya yarda an tabbatar. In ya ce *räumt ein*, ya nuna masanin ya amsa ne ba da son ransa ba. Akwai kuma siffar aikatau ta musamman, *sei* da *habe* a madadin *ist* da *hat*, wadda aikinta ya yi kusa da na *wai* da *in ji* a Hausa: tana nuna maganar ta wani ce. Baƙon da kunnensa bai kama wannan bambanci ba zai iya karanta shafi uku na ra'ayin da marubuci ke shirin rushewa, ya ɗauka ra'ayin marubucin ne, ya kuma kai shi haka nan cikin jarrabawa.

Duk wannan na taruwa a aikin da ake kira *Hausarbeit*, maƙala mai shafi goma sha biyar ko ashirin da ɗaliban fannoni da yawa ke rubutawa a ƙarshen zango. (Kalmar ba ta da dangantaka da Hausa ko kaɗan, daga *Haus*, gida, da *Arbeit*, aiki, take, amma mai neman littattafan Hausa a kundin laburaren Jamus yakan sha cin karo da ita, ita da *Hausarzt*, likitan iyali.) Daga kalma 250 bisa ƙwarangwal da aka haddace zuwa shafi ashirin na muhawara da masana, ba gada. Michael Clyne ya nuna a 1987 cewa tsarin maƙalar ilmi ta Jamusawa ya saɓa wa na masu Ingilishi, ta fi yarda da ratse, ta fi kuma ɗora wa mai karatu nauyin fahimta. Ashe ko wanda ya ƙware a rubutun jami'a da Ingilishi sai ya sake koyo.

Sakamakon yana cikin ƙididdiga. Rahotannin cibiyar DZHW mai nazarin ilmin jami'a a Jamus, na tsakanin 2018 da 2022, sun nuna fiye da huɗu cikin goma na baƙin ɗaliban digirin farko kan bar karatu ba su kammala ba, alhali a tsakanin Jamusawa adadin bai kai uku cikin goma ba. Ba harshe kaɗai ke jawo haka ba. Akwai kuɗi, da kaɗaici, da masu sauya ƙasa. Amma dukan waɗannan ɗalibai sai da suka nuna shaidar cancanta kafin a ɗauke su. Tun 1979 Jim Cummins ya bambance harshen hira da harshen karatu, daga baya kuma ya nuna 'ya'yan baƙi a Kanada kan iya na farko cikin kimanin shekara biyu, na biyun kuwa sai shekara biyar zuwa bakwai. Yara ya nazarta, kuma baligin da ya riga ya yi karatu da wani harshe ya fi su sauri. Duk da haka rabon ya isa abin tsoro. Jami'o'i da yawa na da darussan harshe na rakiya ga wanda ya riga ya shiga, amma galibi na ganin dama ne, ɗalibin da ke fama da laccoci shida da aikin dare a ɗakin ajiyar kaya kuwa su yake fara yarwa.

An taɓa gwada wata hanya, kuma da 'yan Nijeriya aka fara ta. A 1951 ɗalibai goma sha ɗaya daga Nijeriya suka isa Leipzig a Jamus ta Gabas, aka shirya musu darussan harshe. Daga nan ne cibiyar koyar da baƙi ta tsiro a 1956, wadda aka sa wa sunan Herder a 1961. Kwas ɗinta ma na gaggawa ne, na kimanin shekara guda. Bambancinsa shi ne bayan watannin farko akan raba ɗalibai bisa fannin da za su karanta, a koya musu lissafi da kimiyyar sinadarai da ilmin halittu da Jamusanci, har harshen da fannin su zama darasi ɗaya. An haɗa musu da karatun aƙidar gwamnatin lokacin, wanda ba shi ne abin koyi ba. Amma fahimtar cewa mai shirin zama likita da mai shirin zama injiniya ba Jamusanci ɗaya suke bukata ba, fahimta ce ingantacciya. Tana nan a makarantun share fage da ake kira *Studienkolleg*, masu zango biyu da azuzuwa bisa fanni. Sai dai waɗanda takardunsu na sakandare ba su kai ba su ake turawa can. Wanda takardunsa suka cika yakan tsallake, ya faɗa jami'a kai tsaye daga kwas na gama-gari, kuma sau da yawa shi ne ya fi shan wuya.

Bahaushe a ajin Jamusanci

Saura wani aibi da ya shafi mai jin Hausa musamman. Littattafan kwas an rubuta su ne don kowa da kowa, da Jamusanci zalla, bayanin da ke rakiyarsu kuma da Ingilishi ko Faransanci yake zuwa. Sashen Hausa na rediyon Deutsche Welle ya watsa darussan masu farawa da bayani cikin Hausa, amma a aji ɗalibi ta harshen Turawan mulkin ƙasarsa yake leƙen Jamusanci. Ta haka yakan gaji wahalhalun da ba nasa ba ne.

Mai Ingilishi yana kuka da jinsin suna domin harshensa ya yar da shi. Bahaushe da shi ya tashi: ya san *rana* mace ce, *wata* namiji, kamar dai *die Sonne* da *der Mond*, ya kuma saba da duban ƙarshen kalma don gane jinsinta, dabarar da ke aiki a *-ung* da *-heit* da *-keit*, waɗanda duk mata ne. Sabon abu gare shi jinsi na uku ne kawai. Tsawon wasali da ke raba *Stadt*, birni, da *Staat*, ƙasa, shi ne ke raba *gari* na mutane da *gari* na tuwo. Jam'i mai siffofi barkatai ba baƙonsa ba ne. Bambancin *ihn* da *ihm*, wanda mai Ingilishi ke shafe makonni yana lalube don kalma ɗaya gare shi a wurin, shi ne bambancin *ya gan shi* da *ya saya masa*. *Mir*, *dir*, *ihm* su ne *mini*, *maka*, *masa*. A aikatau abin ya fi ban sha'awa. *Saya* da *sayar* su ne *kaufen* da *verkaufen*, *saye* kuma *aufkaufen*. *Sha* da *shayar* su ne *trinken* da *tränken*. *Zauna* da *zaunar*, *sitzen* da *setzen*. Ƙwayoyin *hin* da *her*, masu nuna ko aiki na nisantar mai magana ko yana kusantarsa, su ne *fita* da *fito*, *shiga* da *shigo*. Hatta ƙananan kalmomin nan da malamai ke cewa ba su fassaruwa, *doch* da *ja* da *eben*, suna da 'yan'uwa: *Komm doch!* shi ne *Zo mana!*, *Du weißt es ja* shi ne *Ai ka sani*, *So ist es eben* kuma *Haka dai abin yake*.

Wahalarsa ta gaskiya a wani wurin take, inda littafin ba ya tsayawa. Hausa ba ta raba *p* da *f*, ba ta kuma da *v*, ga shi Jamusanci na da *Bein*, ƙafa, da *Pein*, azaba, da *fein*, mai kyau, da *Wein*, giyar inabi. Gaɓar Hausa ba ta ɗaukar cunkoson baƙaƙe, shi ya sa aka sami *burodi* da *sukudireba*. Kalma irin *Herbst*, kaka, mai baƙi huɗu a jere a ƙarshe, sai da horon baki na musamman. Malamin da ya san waɗannan zai rage makonni a inda ɗalibi ke da gado, ya ƙara su a inda ba shi da shi. A nan ne sauri na gaskiya yake, kuma kwas ɗin da ke tafiyar da Basine da Balarabe da Bahaushe a shafi ɗaya rana ɗaya ba shi da halin cin moriyarsa.

Kayan wannan kwatance kuwa suna nan jibge, Jamusawa da kansu suka tara. Tun daga jerin kalmomin da Heinrich Barth ya wallafa a shekarun 1860, zuwa ƙamus na Adam Mischlich na 1906, da littafin koyon Hausa na Siegmund Brauner da Michael Ashiwaju da aka buga a Leipzig a tsakiyar shekarun 1960, da na Jungraithmayr da Möhlig na 1976, da ƙamus na Hausa zuwa Jamusanci na Irmtraud Herms na 1987, an fi shekara ɗari ana bayyana Hausa da Jamusanci domin Bajamushe. Ba abin da ya hana a karanta su ta ɗaya gefen. Nahawun Hausa na Ekkehard Wolff na 1993 da cikakken Jamusancin ilmi aka rubuta shi, da dogayen sifofinsa da *ausgehen von* ɗinsa duka. Ɗalibin da ya kai B2 zai iya ɗaukarsa a matsayin littafin ilmi na farko da zai karanta daga bango zuwa bango, domin kowane misali a cikinsa da harshen uwarsa yake, ya kuma riga marubucin sanin amsar. Abin da ya rage masa shi ne ya ga yadda Bajamushe masani ke kafa hujja, da yadda yake kawo maganar wani kafin ya rushe ta.